Kafin ka sayi aparai, ka fara tambayar kuɗin jakarta: magana ga masu hoton Dakoro

 

Maganar da muka zo da ita yau, mun san wasu za su ce ƙarama ce. Ana fama da tsadar hatsi, ana maganar hanya da ruwan sha, mu kuma mun ɗauko zancen jaka. E, jaka dai, wadda mai hoto ke saka kayan aikinsa a ciki. Amma ku ɗan ba mu kunne, don a cikin wannan jakar akwai jarin wani, akwai abincin gidan wani, akwai kuma hoton auren ɗiyar wani da ba za a sake maimaitawa ba.

Kwanakin baya wani matashi ya tare mu a bakin gidan rediyo bayan mun gama shiri. Ba za mu faɗi sunansa ba, don ba tonon asiri ya kawo mu ba. Yaron kirki ne, ya yi wajen shekara biyu yana tara kuɗi, ya je ci-rani ya dawo, tsohuwarsa ta sayar da akuyoyinta biyu ta cika masa, ya sauka Maradi ya sayo aparai ta hannu, wato kamara kamar yadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa. Ya ce mana jikka 280 ya biya, har da objektif ɗinta da batiri guda. Bai yi wata biyu da ita ba aka ɗauke shi aikin aure a wani ƙauye can wajen Kornaka. Ya ɗauki jakar lekwal ta ƙanensa, ya zuba aparai a ciki tare da sharja, da makullan shago, da gorar ruwa, ya ɗaure jakar da roba a bayan moto, suka kama hanya cikin rairayi.

Da suka isa ya buɗe jaka, murfin objektif ya fita tun a hanya, makulli ya karce gilashin, gorar ruwa ta ɗiɗɗiga, ƙura ta haɗu da danshi ta zama taɓo a wurin da objektif ke juyawa. Ya kunna, ta ƙi kama fuskar kowa. Da wayar salula ya ƙarasa aikin. Uwar amarya ta dube shi ta ce: "To ɗana, in da waya za a yi, ai mu ma muna da ita, mi ya sa munka kira ka?" Ya mayar da kuɗin da aka fara ba shi, ya dawo gida, yanzu aparai tana hannun mai gyara, shi kuma ya koma tuƙa kabu-kabu na wani. Muka tambaye shi, ranar da ka sayi aparai, ba ka ga jaka a shagon ba? Ya ce ya gani, jikka 15 aka ce masa, sai ya ce a bari sai ya yi aiki biyu ko uku.

Ku duba fa. A bakinmu kalmar jikka ta kuɗi da jaka ta zuba kaya abu guda ne tun asali, don a jaka ake ƙulla kuɗi tun zamanin da. Yaron nan ya yi rowar jikka 15, ya saka jikka 280 cikin hatsari, har da sunansa a ƙauye guda.

Ra'ayinmu ga shi, kuma a kansa muke tsaye: duk wanda zai sayi kayan hoto don ya yi aiki da su a wannan ƙasa tamu, ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa don abin da zai kare kayan, kuma ya saye shi ranar da ya sayi aparai. In kuɗin bai kai ba, gara ya sauko ya sayi aparai mai rahusa da jaka mai kyau, da ya sayi babba ya riƙa yawo da ita a sashe.

Dalilinmu shi ne ƙasar kanta. Waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori ba a Tarka suka gwada su ba. Ku buɗe ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin Canon ko Nikon ko Sony, yawancinsu za ku ga an rubuta cewa na'urar an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu digiri 40 a inuwa ba labari ba ne a Dakoro. Cikin mota da aka rufe gilasanta a rana, zafin na iya wuce digiri 60. Wannan zafi yana rage ƙarfin batiri, yana narkar da gam ɗin da ke riƙe robar jikin aparai, yana sa man da ke cikin objektif ya yi ruwa ya gangara inda ba wurinsa ba. Mai ɗaukar bidiyo kuma ya san yadda aparai ke kashe kanta da kanta in ta yi zafi, daidai lokacin da liman ya fara addu'a.

Bayan zafi sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ne, mai laushi kamar gari, wanda ke shiga ko ta ƙofar allura. Farkon damina kuma guguwar da ke gaban hadari ce, mai ɗauko yashi. Su biyun aikinsu daban. Yashi yana karce gilashi, yana cin haƙoran da ke juya objektif. Ƙurar mai laushi kuma tana sauka kan ɗan farantin nan na ciki da ke karɓar haske, wanda masu hoto ke kira kaptar, sai ka ga ɗigo-ɗigo baƙi a wuri guda cikin kowane hoto, musamman in akwai sararin sama ko farin bango. Objektif mai zum, wanda ke fita yana komawa, kamar zugazugin maƙera yake: duk juyi guda yana shaƙar iska yana fitarwa, kuma iskar da ya shaƙa da ƙurarta take shiga.

Na uku girgiza. Daga Maradi zuwa Dakoro sama da kilomita 100 ne, wannan kuma shi ne sashe mai sauƙi. Wanda aka kira aiki Sakabal, ko Azagor, ko Bader Gula, ko can Bermo, ya san abin da bayansa ke ji in ya sauka daga moto. A cikin objektif akwai gilasai da yawa da aka jera daidai wa daida, wasu ma suna lilo ne da gangan don su hana hoto rawa. Girgizar awa biyu ko uku a bayan moto tana kwance ƴan ƙusoshi, tana karkatar da wannan jeri. Wannan ba zancen shaci-faɗi ba ne: a watan Satumba na 2021 kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi cewa girgizar injin moto na iya lalata kamarar wayar iPhone in ana ɗaure ta a jikin moto. In waya mai tsada haka ba ta jure ba, ina ga tsohuwar aparai da ta riga ta yi shekaru a hannun wani a Turai kafin ta iso gare mu?

Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa, wato laimar damina. Mun saba cewa ƙasarmu busasshiya ce, amma a watan Agusta ɗakin ƙasa yana riƙe danshi, har tufafin cikin adaka su yi wari. A irin wannan yanayi, duhu da laima da ɗumi, fumfuna tana tsirowa a cikin gilashin objektif, ta yi rassa kamar saƙar gizo-gizo. In ta daɗe tana cin fentin da ke kan gilashin, kuma wanki ba ya mayar da shi.

To wace irin jaka ce ke tare waɗannan huɗun? Ba lallai sai mai babban suna ba. Ga abin da muke ganin mutum ya duba da hannunsa kafin ya biya.

Ya matsa bangonta da gindinta da yatsa. In yana jin yatsansa ta ɗaya gefen, soson ya yi sirara. Gindin jaka ya fi ko'ina muhimmanci, don nan ne ke dukan ƙasa duk lokacin da aka ajiye ta. Ya duba ko tana da ƴan katangu a ciki, ta yadda aparai tana ɗakinta, objektif yana nasa, sharja tana nata, babu mai gugar wani. Ya saka kayansa a ciki, ya rufe, ya girgiza: in ya ji motsi, jakar ta yi girma ko katangun ba su zauna ba. Ya duba zif ɗin, ya kasance mai kauri kuma akwai leɓen yadi da ke rufe shi daga sama, don ta haƙoran zif ƙura ta fi shiga. Ya ja igiyar rataya da ƙarfi ya ga ɗinkin, don jaka da yawa ba yadinsu ke mutuwa ba, mariƙin roba ne ke karyewa rana tsaka. Ya kuma duba launi. Yawancin jakunkunan da ake kawo mana baƙaƙe ne, baƙi kuwa yana shan rana. Mai ruwan ƙasa ko ruwan toka ta fi mana, cikinta kuma ya zama mai haske, don ka ga ɗan kart ko murfi in ya faɗa ciki da dare.

Akwai wani abu da sai ɗan ƙasar nan zai gaya maka. Abin nan mai mannewa da ake kira sikirac, wanda ake rufe aljihu da shi, abokin ƙarangiya ne. Ka ajiye jaka sau biyu a daji bayan kaka, ya cika da ƙaya da ciyawa, ya bar kamawa. A cikin jaka yana da amfani wajen riƙe katangu, amma a waje gara maɓalli ko zif.

Sannan yadda ake ɗaukar jakar ma rabin aikin ne. A bisa moto, jaka a jikinka take zama, a baya ko a ƙirji, don jikin mutum yana shanye girgiza fiye da ƙarfen bayan moto. In tafiyar mai nisa ce, a cire babban objektif daga jikin aparai tun a ɗaki, a rufe kowanne da murfinsa. A mota, kada a yarda kamasho ya jefa ta saman kaya tare da buhuna, a riƙe ta a cinya. Wanda kayansa suka yi yawa, mai aparai biyu da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, shi akwatin roba mai tauri ya kamace shi, mai zoben roba a bakin murfi. In kun ga an rubuta IP67 a jikinsa, lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga sam, lamba 7 kuma tana nufin zai jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Wanda bai da halin wannan, ƙaramar kular roba mai murfi mai kamawa, irin ta ƙanƙara, in aka shimfiɗa mata soso a ciki, ta fi jakar lekwal nesa ba kusa ba, kuma tana tare zafi.

Yanzu bari mu zo inda muke ganin akwai riba ga garin gaba ɗaya. Me ya sa dole sai jakar da ta fito daga Sin ko Dubai? Muna jahar da akuyar ja ta Maradi ta yi suna a duniya saboda kyan fatarta. Irin wannan fata, tamu da ta Sakkwato da Kano, ita ce fatake suka riƙa haye hamada da ita, har Turawa suka sa mata sunan fatar Maroko don a can suke sayenta. Muna da dukawa, muna da matan Buzaye masu aikin fata da ba a gwada musu ɗinki, muna da teloli masu ɗinka kujerar moto da tampol. Waɗanda suke ɗinka sirdin raƙumi da jakar da ke shekara goma a ruga ba za su kasa jakar aparai ba, in an nuna musu abin da ake so.

Amma a nan ma sai an yi hankali, kada son kayan gida ya rufe mana ido. Fatar da aka jeme da bagaruwa aka shafe da mai tana da ƙarfi, sai dai tana riƙe danshi da damina, tana iya yin fumfuna, man kuma yana kama ƙura. Don haka kada fata ta taɓa aparai kai tsaye. Wurinta waje ne: kusurwoyi, gindi, igiyar rataya. Jikin jakar a yi shi da tampol mai haske. Tsakiya a saka soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, kauri kamar santimita 2, ba soson katifa ba, don shi yana marmashewa ya zama gari. Ciki kuma a shimfiɗa yadi mai santsi wanda ba ya zubar da gashi. Igiyar ta zagaya ta ƙarƙashin jakar, kada a ɗinke ta a gefe kawai. Mai hoto ya kai kayansa wurin tela a auna su kamar yadda ake auna riga. In masu hoto biyar ko shida suka haɗu suka ba tela guda aiki, farashi zai sauko, shi ma ya ƙware, gobe na Mayahi da na Gidan Rumji su zo saye wurinmu. Ga wata fa'ida kuma: jakar da ba ta ɗauke da babban tambarin kamfani ba ta kiran ɓarawo a tasha.

Bayan jaka, akwai ƙananan kaya. Mun lura matasanmu sun fi son abin da ido ke gani: babbar fitila, dogon makirfo mai gashi, sanda mai juya waya. Ba mu ce ba su da amfani ba. Amma in za a bi ta tamu, ga jerin da ya kamata a fara da shi.

Na farko ɗan famfon roba na hura iska, wanda ake matsawa da hannu, da burushi mai laushi, da ƙyallen goge tabarau. Ka'idar ita ce a hura tukuna, a share da burushi, sannan a goge. Wanda ya goge gilashi mai yashi da bakin rawani ko gefen riga, da hannunsa ya karce shi. Kada a hura da baki, yawu ke bi. In za a canza objektif, a kashe aparai, a juya wa iska baya, a kifa bakinta ƙasa, a yi da sauri. Mai son ya san ko kaptar ɗinsa ya yi datti, ya rufe ido zuwa lamba 16 ko 22, ya ɗauki hoton farin bango, zai ga ɗigon da idonsa.

Na biyu filtar, wato siririn gilashin da ake murɗawa a bakin objektif, da hular objektif mai tare rana. Masu hoto a Turai suna gardama a kan ko filtar tana rage kyan hoto. Su yi ta gardamarsu. A filin kokowa ko kasuwar bisashe, inda ƙafar mutum da ta dabba ke tada ƙasa, gara yashi ya ci filtar ta ƴan jikkuna da ya ci objektif.

Na uku ƴan ƙullin nan masu ƙwayoyi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko na magani, masu shanye danshi. Kada a zubar da su. A tara su, a saka cikin jaka da damina, in sun jiƙa a shanya su a rana mai ƙarfi a mayar. Shinkafa da ake cewa tana yin wannan aiki ba ta kai yadda ake zato ba, kuma garinta ma wata ƙura ce.

Na huɗu batiri na biyu. Mu duka mun tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, aka rufe iyaka, kayan da ke shigowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi wuyar samu. Ranar nan mai batiri guda ya zauna gida, mai biyu da ɗan panno ya ci gaba da aiki. Batiri kuma yana da nasa ladabi: kada ya kwana cikin aljihu guda da makulli ko kuɗin ƙarfe, don in suka haɗa bakinsa biyu yana iya yin zafi har ya kama wuta. Wanda ya kumbura a bar aiki da shi nan take. In ana sharji da gurup, a bi ta na'urar daidaita wuta.

Na biyar, kuma shi ne ya fi duka nauyi ko da yake ya fi duka ƙanƙanta, kart memwar. Aparai in ta lalace ana gyarawa ko a sake saye. Hoton da ya ɓace shi ke nan. Akwai kart na jabu da yawa a kasuwannin duniya, wanda aka rubuta masa giga 128 alhali cikinsa bai wuce 8 ko 16 ba. Yana karɓar hoto kamar lafiya lau, in ya cika sai sabon ya riƙa taka tsohon, ba ka sani ba sai ka zo ɗaki. Gwajinsa mai sauƙi ne: ranar da ka saya, ka cika shi taf da bidiyo a kwamfuta, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe ka ga ko duk suna tashi. Mai bidiyo ya nemi wanda aka rubuta wa U3 ko V30, ma'anarsa ba ya sauka ƙasa da mega 30 a daƙiƙa wajen rubutu. Kart biyu matsakaita sun fi babba guda, don in ɗaya ya ci amana rabin bukin ya tsira. A yi musu ɗan akwati nasu, kuma kada a goge kart sai hotunan suna wuri biyu daban.

Aljihu guda kuma a bar wa takardu: katin shaida, katin aiki ga ɗan jarida, da takardar sayen kaya mai ɗauke da lambar jikin aparai. A wannan lokaci da muke ciki, mai yawo da kamara ana yi masa tambaya a hanya, kuma in an sace, da wannan lambar ce kawai za ka ce taka ce.

Mun san abin da wasu za su ce. Wani zai ce, malam mai rediyo, kai albashi kake jira, mu da kyar muka haɗa kuɗin aparai. Gaskiya ne, babu wanda ya raina wahalar da ake sha. Amma talaka shi ya fi buƙatar jaka, don mai kuɗi in tasa ta lalace gobe zai aika a kawo wata daga Yamai. Wanda tsohuwarsa ta sayar da akuya ba shi da akuya ta uku. Kuma mun nuna hanyar tela da ta kula, waɗanda ba su kai kuɗin jakar kanti ba.

Wani zai ce, ai abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, mun yi imani. Amma makiyayin da ya yi imani da ƙaddara ma yana ɗaure maraƙinsa da dare, manomi yana yi wa rumbu jinka kafin ruwa.

Wani kuma zai ce, zamanin aparai ya wuce, waya ta gama komai. To ko da haka ne, wayar ma kayan aiki ce. Yawancin labaran da kuke gani a wannan shafi da waya aka ɗauko su. Ita ma tana son riga mai kauri a kusurwa, da gilashin kariya, da ƙaramar jaka mai zif, kuma ita ma ba ta son a bar ta bisa tankin moto a rana. Mu ma a gidajen rediyo ba mu tsira daga wannan laifi ba. Sau nawa muka saka na'urar naɗar murya cikin aljihun riga tare da goro da canji, muka je ƙauye, muka dawo da hirar da ba ta jiyuwa? Wa'azin nan da kanmu muka fara.

Abin da ya sa muka ɗauki maganar da zafi ya wuce kuɗi. Ku dubi Mali. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutanen unguwa da ƴan ƙauye da suka shigo birni. Abin da ya bambanta shi da ɗaruruwan masu hoto na zamaninsa shi ne ya adana fim ɗinsa da kyau, shekara da shekaru, har duniya ta gano su. Malick Sidibé ma haka, har aka ba shi babbar kyautar bikin zane-zane na birnin Venis a 2007. A nan gida, Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, hotunansa ne ke nuna mana yadda matasan Yamai suka yi rayuwa a shekarun 1960 da 1970. Waɗannan mutane ba su fi namu ido ba. Sun kula da kayansu ne, sun kula da abin da suka ɗauka.

Mu fa? Baƙi sun sha tasowa daga Faransa da Jamus su ɗauki Gerewol na Wodaabe a arewacinmu, su buga littattafai. Gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, UNESCO ta saka shi cikin jerin wuraren da take karewa a 2017, kuma a 2018 aka kawo masa raƙuman dawa 8 daga yankin Kure. Ga kasuwannin bisashe, ga rijiyoyin Tarka, ga naɗin sarauta, ga tsofaffin da suka ga zamanin Nasara kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wa zai ɗauki wannan duka in ba ɗiyan garin ba? Kuma da me za su ɗauka in kowace aparai da ta shigo Dakoro shekara guda take yi ta mutu?

Don haka muna da roƙo ga mutane huɗu. Masu hoto, ku haɗa kanku, ko da tontin ne na jikka guda a mako, ku sayi kayan shara da na ajiyar hotuna tare, manya su koya wa ƙanana. Ƴan kasuwar da ke kawo kayan hoto, ku riƙa faɗa wa yaro gaskiya, ku haɗa masa farashi da jaka a ciki, ku bar shi ya gwada kart kafin ya tafi. Wanda kayansa suka daɗe, wurinku zai dawo. Ƙungiyoyi da ma'aikatun magajin gari masu raba wa matasa kayan sana'a, in kun saka aparai a lissafi ku saka jaka da batiri na biyu da yinin horo guda, in ba haka ba hoton ranar rabon ne kawai zai rage. Ku kuma iyayen buki, in kun ɗauki mai hoto, ku dubi yadda ya zo da kayansa, ku tambaye shi kart nawa gare shi, ku ba shi inuwa da wurin ajiye jaka nesa da randa da ƙafar yara, kuma ku biya shi kuɗin da zai ishe shi ya kula da kayan.

Shi kuwa yaron da muka fara da labarinsa, mun haɗa shi da wani tela a nan cikin gari, sun auna, sun yanka tampol. Jakar ta riga aparai dawowa gida, tana rataye a ƙusa tana jira. Muna roƙon Allah ya sa gyaran ya yi, ya mayar masa da abin da ya rasa, ya sa wa sana'ar matasanmu albarka.

Wanda ya san tela ko baduku da ya iya irin wannan aiki a Dakoro, Kornaka, Sabon Mashi ko Birnin Lalle, ya sanar da mu, za mu faɗa a shirinmu don masu hoto su ji. Sai mun haɗu a rediyo.